Sunan da na yi wa dariya

Halifax, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki Trevor. Yaya ƙafar tasa? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar ku tare. Mu nan lafiya lau, in ban da ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa tun watan jiya. Kin ji a waya cewa matar ɗana Neil, wato Shona, ta sauka lafiya, mace. Abin da ban gaya miki ba shi ne ɓarnar da bakin nan nawa ya yi, don kunya ta hana ni faɗa da murya.

Lahadi biyu bayan haihuwar suka zo mini cin abincin rana. Na gasa nama yadda marigayiya matata Agnes take yi, ko da yake nawa ya bushe. Tun da ciki suke ta juya sunaye. Neil ya so Elowen, wai sunan wata bishiya ce a harshen mutanen Cornwall, ni kuma na ce duk wanda suka zaɓa daidai ne. Ashe ƙarya nake yi. Muna gama ci Shona ta miƙo mini jaririyar a naɗe cikin bargon da ta saƙa da hannunta, da ragowar shuɗin zaren ulun da Agnes ta bari. A gefensa an saƙa haruffa biyar, SENGA. Ta ce sunan ke nan, ta tsaya tana kallona tana murmushi.

Kin san halina. Na tambaye ta jika aka haifa mini ko keken ɗinki, don sunan ya yi kama da na wani keken ɗinki. Na ƙara da cewa wataƙila a Glasgow ɗinsu suna ne, amma a nan yara za su mai da yarinyar abin tsokana. Har dariya na yi, ni kaɗai. Neil ya ce, haba Baba, ka sake dubawa mana. Na ce na duba, idona ne ya tsufa, ba hankalina ba. Shona ta zare 'yarta daga bargon, ta rufe ta da rigar sanyinta, suka tafi ko shayi ba su sha ba.

Bargon ya yi kwana goma sha biyu a kan kujera, ina ta cika ina batsewa, wai jira nake su kira ni. Ranar Juma'a da safe na ɗauke shi zan kai musu, na bi ta gaban madubin nan na bakin ƙofa. Glenys, a cikin madubin sunan matata na gani. Senga Agnes ce, an karanto daga baya. Ashe tsohuwar al'ada ce a wajen su Shona, haka suke yi wa kaka takwara. Ni da na shekara arba'in ina cike wasan kalmomi na jarida, ina juya haruffa gaba da baya, har Agnes tana cewa jaridar na aura ba ita ba.

Nan take na kira Neil. Ya ce Shona da gangan ta ƙi faɗa, so take in gano da kaina, don ta san ina son irin wannan wasa. Ya ce tun ranar Talata suka je aka yi rajista, Olivia aka rubuta. Na roƙa a canza. Shona ta karɓi wayar, ba faɗa ba hayaniya, ta ce Baba, ta yafe, amma ba za ta iya kiran 'yarta kullum da sunan da kakanta ya yi wa dariya ba. Ban ga laifinta ba. Olivia suna ne mai daɗi, sai dai idan aka kira shi a aji, yara uku ne za su waiwayo.

Na yi nadama ƙwarai, kuma ban san wanda zan gaya wa ba sai ke. Shekara huɗu ba a kira Agnes a gidan nan ba, aka kawo mini ita har cikin hannuna, na mayar.

Ki gaida Trevor, da 'yarki Lorraine da mijinta, da ɗanki Keith in ya leƙo. Na ce zan mayar da bargon, Shona ta ce in riƙe, ai nawa ne. Yana nan a kan kujerar Agnes, na juya ta tana fuskantar madubi.

Yayanki,
Wilfred