Baba Ya Ce Da Sauƙi

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya fama da marasa lafiya? Na rubuto ne don in na kira ki Baba na jin komai ta bango, kin san kunnensa bai yi ritaya tare da shi ba.

An ɗage aikin mafitsararsa. Wai ɗakunan tiyata huɗu an mayar da uku na masu annobar nan, saura ɗaya. Sai suka raba mutane jeri uku: na gaggawa, na wata guda, da na bayan annoba. Ta waya ake tantancewa. Likitar da ta kira shi mace ce, ina tsaye ta tambaye shi ko yana ganin jini a fitsari. Ya dube ni, ya gyara murya, ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ta sa shi jeri na uku.

Yaya, Baba ya fara wanke wandonsa da kansa. Jiya na leƙa bokitin, ruwan ja ne. Tsoro nake ji.

Ƙanwarki, Auta

Auta,

Na ga takardarki. Kina tsaye a gabansa kamar an dasa ki, ta yaya zai buɗe baki? Shekara goma sha biyu ina aikin jinya, ban taɓa jin dattijo ya ambaci fitsari gaban ’yarsa ba.

Ƙarin nan da hoton asibiti ya nuna ya tsiro a mafitsararsa ba ya jiran annoba ta wuce. Kuma jinin da ke zuwa babu ciwo shi ya fi tayar mini da hankali. Likitar ba ta da laifi, abin da aka faɗa mata ta rubuta. Na kira asibitin, sun ce sai daga bakin mai ciwon. An rufe hanya saboda annoba, ba halin in zo. Ki sa su sake kiransa, ke kuma ki fita tsakar gida.

Ki gaishe shi. Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Sun sake kira, na fita har ƙofar gida. Da na dawo na tambaye shi, ya ce, "Sa’ar ’yar cikina ce fa likitar nan, me zan ce mata? Kuma gado ɗaya ne, in na hau wani na tura baya. Akwai waɗanda suka fi ni."

Na yi kuka, na ce to mu fa? Can ya ce in miƙo masa biro da takarda. Shekara talatin yana koyar da rubutun wasiƙa, ashe a nan za ta yi rana. Ga kwafin abin da na kai asibiti. Kada ki nuna masa na karanta.

Auta

Zuwa ga Likita,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina neman afuwa, sau biyu na ba ki amsar da ba daidai ba. Babu sauƙi. Jini ne, mako bakwai ke nan, wani lokaci da gudaji. Ban nemi a tura kowa baya saboda ni ba. Ki duba, ki sa ni inda ya dace.

Na gode. Malami mai ritaya, lamba arba’in da ɗaya a jeri na uku

Yaya,

Sun mayar da shi jerin gaggawa. Ranar Litinin za a yi aikin, in gwajin annoba ya nuna ba ya ɗauke da ita. Gobe za a yi gwajin.

Tun safe ya yi tari sau uku, ina ƙirgawa. Na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi.

Ki yi mana addu’a.

Auta