Kujerar Gawo da Hauyar Saran Fari

Garhanga, farkon damina

Ɗiyata Bushira,

Assalamu alaikum. Ina karatu, ina sanyin Faransa? Mu nan lahiya lau, innarki Kaltume na gaishe ki. Malam Issa na lekol, makarantar boko, ke rubuta mini.

Gawon bakin kasuwa ya faɗi da iskar ruwan farko. Kin san shi. Ƙarƙashinsa aka zaunar da kakana Isaka, sarkin noma, shekarar yunwar Kakalaba, aka karɓe hauyar saran fari daga hannunsa, wadda ba mai shuka a garin nan sai an fara saran ƙasa da ita. Wai shekarar da ya fara sarawa ruwa ya ɗauke. Tun daga ranar ake ce mana gidan Kore-Ruwa. Bana ma da hadari ya haɗu na fito ƙofar gida, sai Surajo, mai riƙe da hauyar yanzu, ya ce in koma ciki kar in kalle shi ya watse. Kowa ya yi dariya, har ni. Amma ranar ban ci tuwo ba. Na tsufa, ba ni son in bar muku wannan suna.

Allah shi yi miki albarka.
Babanki, Attahiru

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa, a gaishe mini da Inna. Don Allah kar a ƙone gawon nan! Itace kowace shekara yana ƙara zobe guda a cikinsa, shekarar ruwa zoben ya yi faɗi, shekarar fari ya tsuke. A labo ɗinmu, wato ɗakin bincike, kuma akwai ƙanƙarar da aka haƙo daga ƙarshen arewacin duniya, ita ma hawa-hawa take, kowace shekara da nata, har tokar da ta faɗo daga sama tana ciki. Aikina ke nan da kake cewa na bar gero na tafi ƙirgar ƙanƙara. A yanko mini faifai guda daga gindin, da ɓawonsa, domin daga ɓawo nake fara ƙirge zuwa baya. Ɗan Kawu Idris zai dawo nan bayan salla, a ba shi.

Ɗiyarka, Bushira

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa, ga saƙo nan. Innarki ta ce ba a kai wa baƙi ɗanyen icce kamar makamashi, su ce ba mu san girma ba. Shi ya sa na kai faifan wurin Abdurrazak masassaƙi, ya here ɓawon tas, ya rage gefe, ya hidda miki kujera mai ƙafa huɗu, aka shafe ta da man gyaɗa. Ko matar maigari ba ta da irinta. Ki nuna wa malamanki.

Babanki

Baba,

Ina fatan kuna lafiya. Na yi shiru wata da watanni, ka gafarce ni, haushi ne da aiki.

Da na buɗe kwalin na ga kujera, sai da na yi kuka. Abdurrazak ya sassaƙe shekarun waje duka, ban san daga ina zan fara ƙirge ba. Abokan aikina kuwa sai yaba kyanta suke, ɗaya ma ya zauna a kai, na kusa in kai masa duka.

Sai na tuna labarinka na fari biyu da ka gani da idonka, wanda ya cinye shanun Kawu Idris kana saurayi, da wanda ya biyo bayansa kafin ka auri Inna. Na goge saman kujerar na sa a madubin ƙara girma, sai ga su kusa da baki, zobba biyu sirara kamar zare, da tazarar da ta dace a tsakaninsu. Daga nan na kama hanya na yi ta komawa baya, har na isa wani zobe da ya fi su duka tsukewa. Shekarar Kakalaba ce, Baba.

Na kai shekarar wurin ƙanƙara. Dab da ita, a hawan da ke ƙasa, akwai tokar wani dutse da ya yi aman wuta can bayan teku, hayaƙinsa ya rage ƙarfin rana. Malamai na gardama ko shi kaɗai ya jawo farin. Amma ba mai gardama a kan cewa a shekarar ruwa ya gaza tun daga Senegal har kogin Masar. Kaka Isaka bai taɓa wuce kasuwar Keita ba, ina hauyarsa za ta kai Masar? Tokar ma ta riga shi, tana sama tun bai sari ƙasa ba.

Ga hotuna nan na sa alama. A sa Malam Issa ya karanta wannan a gaban maigari, da ƙarfi, kuma Surajo yana wurin. Ka ce wa Inna na yafe mata man gyaɗa.

Ɗiyarka mai alfahari da gidanmu, Bushira

Garhanga, ruwan farko

Ɗiyata,

Alhamdu lillahi. An karanta a gindin kututturen gawon, har sau biyu. Liman ya ce dama ruwa na Allah ne, kunya ce ta hana mutane janye maganar iyayensu. Surajo ya daɗe yana duba hoton, sannan ya tashi ya tahi gida. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da hauyar, ya ce: "Attahiru, amshi kayan kakanka, ta jima wurinmu."

Jiya na sari ƙasa gari duka na bayana. Da hadari ya taso na tsaya tsakiyar gona na kalle shi da ido biyu, har ya jiƙe ni sharkaf.

Ki maido mini kujerata in zauna, ƙafafuna sun gaji.

Babanki, Attahiru Sarkin Noma