Hoton da Ya Mayar da Azurfar 'Yata Zinariya

Daga: Sama'ilu Muntaka,
Unguwar Maƙera, Gezawa.
13 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoto na yankinmu.

Game da: Aikin ɗan ƙungiyarku, Malam Ɗanliti

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa idan ba a yi wani abu kafin Alhamis 16 ga wata ba, za a kai 'yata Asama'u kotu bisa zargin damfara, albarkacin ƙwarewar ɗanku.

1. Asama'u tana sayar da awarwaro da zobba na azurfa ta waya. An ce mana hoton kayanta ne bai da kyau shi ya sa ba ciniki. Ranar 22 ga Afrilu na sayar da buhun gero ɗaya cikin ukun da suka rage mana, na kai kayan azurfar shagon Ɗanliti.

2. Ya karɓi naira dubu sittin: kuɗin hoto, kuɗin fitila, kuɗin man janareta, da wani kuɗin gyara a kwamfuta. Iskar fankarsa ce kawai muka sha kyauta, mun gode.

3. Ya yi awa huɗu a kan awarwaro ɗaya, domin fuskarsa tana ta fitowa a jikin azurfar. Da ya gaji sai ya kunna wata fitila mai ruwan ɗorawa. Madalla da wannan ilmi: abin da maƙeran garinmu suka kasa tun kakanni, shi ya yi shi da yamma ɗaya. Azurfa ta fito zinariya.

4. Hajiya Luba ta Rijiyar Zaki ta ga hoton, ta sayi awarwaro guda shida don lefen ɗanta. A gaban dangin amarya aka buɗe, aka ga azurfa ce. Mun mayar da kuɗinta, ta ce mutuncinta fa? Sai dai mu haɗu a kotu. Yau kwana tara Asama'u ba ta leƙa ko zaure ba.

5. Na koma wurin Ɗanliti ranar 6 ga Mayu, ya ce ai hoto ya yi kyau tunda har an saya.

Ina roƙon ka sa ya rubuta da hannunsa cewa fitilarsa ce ta sauya launin, mu kai wa Hajiya kafin Alhamis, ya kuma sake hoton da launin da Allah ya yi azurfa. Geron na bar wa Allah.

Har yanzu ban sani ba ko Hajiya za ta karɓi takardar, ban kuma san mutum nawa ne ke da hoton nan a wayarsu ba.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Sama'ilu Muntaka