Lemon Inna a Cikin Kwalekwale

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu ma lafiya lau, sai zafi.

Yaya, kogi ya ƙafe ƙaf. Da rana wani abu yakan yi ta walƙiya a kan yashi kamar ruwa, Baba ya tsaya yana kallo har sai na jawo shi inuwa. Masu fito duk sun jawo kwalekwalensu gida, an cika su da ƙasa an yi shuka, don jirgi ba ya barin ko ɗigo ya salwanta. In kin ga layinmu sai ki ce mafarki kike: jirage a ƙofar gida, kore shar, ba inda za su.

Bishiyar lemon marigayiya Inna ta bushe. Baba ya ceci ɗan tsiro ɗaya daga gindinta ya dasa a jirginmu, ruwan shansa yake rabawa da shi. Abin da ya rage mana na hannunta ke nan.

A taron unguwa an ce kowa ya huda ƙasan jirginsa kada saiwa ta ruɓe. Kowa ya huda ban da Baba, wai ba zai ɗaga ƙusa kan jirgin da ya fara ganin Inna a ciki ba. Tela maƙwabcinmu ya ce tumatirin da muka shuka a jirgin ya fi Baba bukatar asibiti.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Rediyo ta ruɗa mu. Da safe a ce tsofaffi su zauna a ɗaki saboda zafi, da yamma a ce an yi ruwa mai ƙarfi can inda kogin ya taso, kowa ya koma makarantar kan tudu. Makarantar kuwa rufin kwano ce, ko lafiyayye ya shiga sai ya dahu. An sake taro, aka tashi ba matsaya. Wa zai bar abincinsa ya gudu saboda ambaliya, alhali layin famfo yake bi da jarka?

Lemon ya yi sabon ganye. Na yi mafarkin Inna tana zaune a bakin jirgin, ƙafafunta cikin ruwa. Ina kewarta, Yaya, ina kuma jin tsoro.

Taki, Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina fatan kuna lafiya. Ki kwantar da hankalinki, muna raye, muna makaranta.

Ruwan ya zo da hantsi, rana ta ƙwalle, ko gajimare babu. Shiru ruwan ya shigo, ya ɗauki takalma da kujeru yana juya su a hankali. Jiragen unguwa suka nutse inda suke, ganye kawai kike gani yana kaɗawa ƙarƙashin ruwa. Namu ne kaɗai ya motsa, amma ƙasa ta yi masa nauyi, mutum biyu ma ba zai ɗauka ba. Ga tela da iyalinsa a kan rufi, ga tsohuwa mai wanki tana kira.

Na kwashe ƙasa da kwano har na zo tsakiya, sai hannuna ya ƙi. Saiwar lemon ta kama katako. Na roƙi Baba mu bar shi mu yi sawu da yawa. Ya dubi ruwan, ya dubi rufin, ya ce ba lokaci. Shi da kansa ya tumɓuke shi, ya aje a kan ruwa a hankali kamar mai kwantar da jariri. A tsaye lemon ya tafi, Yaya, ya bi layi har ya sha kwana.

Baba ya kwashe kowa, ba a rasa rai ba. Tun ranar yake ta kai tafin hannunsa hanci, yana neman ƙanshin lemon.

Ganye biyu na samu a ƙasan jirgin. Ga ɗaya a cikin takardar nan. Kada ki murza shi duka a rana ɗaya.

Ƙanwarki, Auta