Har Yanzu Malama Take Ce Mini

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Zaman Lahadi ya yi daɗi yau. Benen gidan abincin nan na unguwar Xiaobei, nan China, ya cika da hajiyoyin Kano da suka zo saro kaya, ga na Maraɗi su ma a gefe da ledojinsu. Ana gama cin shinkafa suka fara: Saffana tashi, Saffana tashi. Ni kuwa dama jira nake.

Na kwaikwayi Hajiya Saude ta Kano a shagon wandunan jins na Xintang. Yadda take kama wando ta ja shi kamar za ta raba shi biyu, ta shinshina, ta ce wa mai shago "Lawban, wannan ai tsumma ne," ta fice a fusace, ta dawo wai jakarta ta manta. Hajiya Balkissa ta Maraɗi sai da ta ƙware da shayi. Ita Hajiya Saude ko gezau, ta bari na gama ta ce, "Ku ƙyale baiwata. Bazazzagiya ce, tun da ta zo China ta fara ganin wando sabo." Ɗakin ya sake fashewa, wannan karon a kaina.

Haka muke, mu da Kanawa, tun kaka da kakanni. In zage ta, ta rama, mu ci a kwano ɗaya. Amma wallahi wani lokaci ina kallon ɗakin nan in ji ya yi mini kaɗan. Da rana tafinta, ina bin mutane kasuwa ina fassara musu ciniki. Ranar Lahadi ban dariya, ladana farantin shinkafa. Shi ke nan rayuwar?

Laraba, 9 ga Oktoba

Firdausi, da muke haya tare, ta haɗa ni da wani Mista Lin. Yana da ɗakin barkwanci a kan titin Huanshi, ana yi da Turanci, 'yan China da baƙi ke zuwa. Ya ce bai taɓa samun baƙar mace mai hijabi a dandamalinsa ba, in zo in gwada. Na ce masa ba hijabin ne zai yi magana ba, ni ce. Ya yi dariya. To, na fara ke nan.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na faɗa wa hajiyoyi maganar Mista Lin. Hajiya Balkissa ta ce Allah ya ba da sa'a. Hajiya Saude ta ce, "Me za ki gaya musu? Su sun san Kano ne ko Zariya?" Na ce dariya ba ta da gari, Hajiya. Ta ce, "Tana da shi mana."

Ba zan tsufa a benen nan ba. Wanda ya ga dama ya ji haushi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na sha ƙasa. Ba wata kwana.

Na hau na fara da yadda Bakano ke zuwa gaisuwar mutuwa ya dawo da kwastoma. Shiru. Na tsaya ina musu bayanin su wane ne Kanawa, su wane ne Zage-zagi, me ya sa muke tsokanar juna. Wani Bature a gaba yana gyaɗa kai kamar a aji. Fitila a idona, gumi a bayana, ba wanda ya ce uffan. A Xiaobei da tuni wata ta jefo mini magana na samu abin kamawa. Nan kowa ya zauna da ladabi yana kallon yadda nake mutuwa.

Bayan na sauko Mista Lin ya ce in daina Kano da Zariya, ba wanda ya san su. In ce "antin Afirka" kawai, in nuna yadda take ciniki, wannan kowa ya gani a kasuwa. Na ji wani iri. Amma na ce to.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Yau na san me ake kira dariya!

Na yi musu Hajiya Saude daga farko har ƙarshe, ban dai faɗi sunanta ba. Jan wando, shinshinawa, ficewa, dawowa ɗaukar jaka, da yadda take cewa "meyo", wato a'a da Sinanci, tana kaɗa yatsa in an ce mata babu ragi. Wata 'yar China ta kife a kan tebur. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, sai da na tsaya na jira su huce kafin in ci gaba. Ban taɓa jin abu irin wannan a jikina ba. Har a jirgin ƙasa hanyar gida ina jin dariyarsu a kunnena.

Mista Lin ya ce in anti ta ci gaba da ci haka, akwai wasa a Shenzhen wata mai zuwa, babban ɗaki. Sun ɗauki bidiyo za su saka a shafinsu.

Wa ya ce 'yar Tudun Wada ba za ta iya ba?

Asabar, 26 ga Oktoba

Bidiyon yana ta yawo. Firdausi ta ce har a jirgi ta ga wani yana kallo.

Talata, 29 ga Oktoba

Na raka Hajiya Saude Xintang duba kayan da ta ba da a ɗinka. Muna shiga shagon, lawban ya gan mu ya washe baki. Ya ɗauki wando ya ja, ya kai hanci, ya kaɗa yatsa yana "meyo, meyo" da muryar da na yi. Masu ɗinki suka leƙo suna dariya. Ɗaya ya ɗaga waya yana nuna wa sauran, yana nuna ta da haɓa.

Ta tambaye ni me suke cewa. Aikina ke nan, fassara. Na ce suna cewa ke ce antin bidiyo.

Ba ta ja wando ko ɗaya ba. Matar da take juya kowane ɗinki ciki da waje, yau ta karɓi kaya yadda aka miƙo mata, ta sa hannu, muka fito. A mota, da muka kusa gari, ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "In kin zage ni a benen can, ina da bakin ramawa. Su waɗannan da wane baki zan rama? Kakanninmu sun yi wasa da su?"

Na ce Hajiya, abin da aka yi wa dariya ne fa a gabanki ranar nan a benen, ban ƙara ko kalma ba. Ta ce haka ne.

To ai haka ne ɗin! Ban yi mata ƙarya ba, ban kama sunanta ba. Maza nawa ne suke hawa dandamali su yi da iyayensu mata, a tafa musu? Ni don na fita daga ɗaki ɗaya na shiga wani sai ya zama cin amana? Ba zan ba da haƙuri a kan sana'ata ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na je zaman, kaina a sama. Na shirya wa faɗa, har da amsoshi na tanada.

Ba wanda ya yi faɗa. Ina shiga Hajiya Saude ta gyara zama ta ce, "Sannu da zuwa, Malama Saffana. Ya aiki?" Ta sa aka ba ni kujera mai kyau, aka zubo mini abinci a farantina ni kaɗai, da cokali. Aka gama ci ba wadda ta ce in tashi. Na jefa wata magana a kan rowar Kanawa, irin wadda da sai an yi ca a kaina. Suka yi murmushi. Wata ta ce, "Allah sarki, Malama akwai ban dariya."

Hajiya Balkissa ta biyo ni matakala ta ce in je masaukin Hajiya Saude in same ta, jibi za ta tashi. Na ce me na yi? Ta ce, "Ke kika sani, ɗiyata."

Shinkafar ko rabi ban ci ba. Yaji ne ya yi yawa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ta tafi Kano. Wani tafinta ta ɗauka ya kai ta filin jirgi. Ban je ba. Ina da aiki.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mista Lin yana so in ƙara wa anti gishiri kafin Shenzhen. In ɗaura ɗankwali babba, in riƙe buhu, in shigo ina ihu. Ya ce mutane suna son ta. Na tambaye shi me suke so a jikinta. Ya ce, ai kin san yadda suke. Na ce su wa? Ya yi dariya ya dafa kujera.

Ba shi zai koya mini sana'a ba, shi ma. Kowa yana da ra'ayi a kan bakina.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Shenzhen. Ɗakin ya fi yadda na zata girma.

Ban yi anti ba. Ba wai don wani abu ba, ta tsufa ne kawai, wasa in an maimaita shi yana lami. Na yi musu kaina: yadda kujerar gefena a jirgi take zama babu kowa komai cunkoso, yadda mai shago ke yaba mini Sinancina sannan ya juya ya zage ni da shi a gaban idona, yadda Mama take kira daga Zariya ta tambaya ko har yanzu ban ci kare ba. Rabin ɗakin ya yi dariya. Ɗaya rabin ya duba ƙasa. Mista Lin ya ce za mu yi magana, kuma na san irin maganar. In ya kira, ga abin da nake da shi. In bai kira ba, akwai wasu ɗakunan.

A jirgin dawowa na tura wa Hajiya Saude saƙon murya. Ba haƙuri na bayar ba. Cewa na yi ina fata kwastan sun gane ta sun ƙwace jakar da take ta mantawa, kuma Kano ta ƙara cika da marowata tun da ta sauka.

Ta saurara, na gani. Can ta aiko: "Na gode, Malama Saffana. Allah ya yi albarka."

Na ji shi ban san sau nawa ba. Gobe Lahadi zan je benen, ko da za a sake ba ni cokali. Ni da na rantse ba zan roƙi kowa ba, ga ni zaune da waya a hannu ina roƙon Allah wata Bakanuwa ta zage ni.