Labarin Fim Ɗin Da Ɗana Bai Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah ka saka min wannan, ka ɓoye sunana da lambata. Ni ba mai dogon karatu ba ne, firamare ma ban gama ba, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da ni. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Kwanakin baya na ga ana ta raha a nan gurup ɗin, wai kowa ya faɗi fim ɗin da duniya ta kalla shi bai taɓa kalla ba. Kowa yana kawo nasa ana dariya. Ni na karanta ban yi dariya ba, za ku ji dalili.

Ni mutumin Birnin Gwari ne, na haura hamsin. Da noma nake yi ta wajen Kamuku, tun da daji ya gagari mutane na bar gonar, yanzu ɗinkin buhu nake yi a kasuwar hatsi, a zuba masara in ɗinke baki da basilla, a ba ni abin da ya samu. Sunayen da zan faɗa duk na canza su. Wanda ya gane ni a cikin 'yan garinmu, na haɗa shi da Allah kada ya kai maganar nan gidana.

Akwai wani tsohon fim ɗin Indiya tun na zamanin kaset, ba zan faɗi sunansa ba. A garinmu babu wanda bai kalle shi ba, tsofaffin mata sun san shi, 'yan acaɓa sun san shi, har limamin unguwarmu da ke faɗa a kan kallo ya taɓa mantawa ya kawo misali da shi. Ni ban taɓa kalla ba. Ba tsoron Allah ba ne ya hana ni, kada in yi ƙarya. Muna samari mahaifina ya ce duk ɗansa da ya taka ƙofar gidan kallo ya nemi wani uban, da ya rasu kuma noma ya riga ya cinye ni, in na dawo gona na zauna gaban talabijin kafin a gama rubutun farko na yi barci. Har ya zama abin tsokanata a kasuwa, in ana hirar fim ɗin sai a ce ku yi shiru, ga wanda bai kalla ba nan.

Ɗana na fari zan kira shi Abba, don sunan mahaifina ya ci. Yana da ɗan shago a bakin tasha, yana yin caji da sola, yana tura wa mutane fina-finai a memori. Uwarsa, matata Binta, irin matan da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ga kunyar ɗan fari ga sunan suruki, sai dai ta ce yaron nan. Ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba, uwata ce ta raine shi. Ko ciwo yake yi sai dai ta dama kunu ta aika, ta tsaya daga nesa tana tambayar wani ya sha ko bai sha ba. Wuri ɗaya ne kawai nake ganinsu kamar uwa da ɗa, gaban fim ɗin nan. Ranar Juma'a bayan la'asar zai rufe shago ya zo ya kunna, shi yana kan tabarma, ita tana bakin ƙofa da faranti tana ɓarar gyaɗa, wai ita ba kallo take yi ba. Kafin a jima musu ya kaure. Ita ta san fim ɗin tun ba a fassara shi ba, sai ta ce mai fassarar nan ya ɓata maganar, ba haka suka ce ba, shi kuma ya ce Inna yaushe kika je Indiya ba mu raka ki ba. Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. In na zo wucewa sai ya ce Baba kai kaɗai ka rage a Birnin Gwari fa, zo ka zauna. In ce bari a yi girbi. In an yi girbi in ce bari a gama sussuka.

Kafin daminar bara Abba ya tafi Kaduna sayo kayan shago, aka tare motarsu a hanya aka shiga da su daji. Da farko ana kiranmu, na sayar da duk abin da yake sayuwa aka kai, ba a sako shi ba, daga baya layin ya daina shiga. Ba zan ja wannan ba, duk wanda yake ƙasar nan ya san yadda abin yake.

Binta ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suna zuwa jaje tana kawo musu ruwa kamar ɗan maƙwabta aka ɗauka. Abin da ta yi kawai shi ne ta ɗauko zaninta mai kyau ta lulluɓe talabijin ɗin, ta ce babu mai kunna shi. Ta ce min, "Malam, ranar da yaron nan ya dawo, ko ka ƙi ko ka so sai ka zauna ka kalla da mu har ƙarshe. In ka yi barci ruwa zan watsa maka." Tun daga nan duk Juma'a bayan la'asar sai ta share ɗakin ta shimfiɗa tabarmar, in an kira magariba ta naɗe abinta. Hawan jini ya kama ta, an taɓa kwantar da ita a asibiti, likita ya ce min a gabanta a guji abin da zai tayar mata da hankali. Da aka fara maganar sulhu da masu daji aka riƙa sako wasu, sai ta ƙara ƙarfi, har ƙiba ta ɗan yi.

Ranar kasuwar da ta wuce ina tsaye ina ɗinki, sai na ji wani mai awo yana dariya yana nuno ni, yana cewa ga shi nan, shi ne bai kalla ba. Mutumin da yake tare da shi bai yi dariya ba. Sa'ana ne, ramamme, idon sawunsa duk tabon marin da aka ɗaure shi da shi. Ya ce sunansa Ayuba, mutumin Gbagyi ne, Kirista, daga ƙauyukan wajen Gwaska, bai daɗe da fitowa daga daji ba. Ya ce mu koma gefe. Muka koma bayan buhuna muka zauna.

Ya ce tare aka ɗaure su da Abba. A can ba a faɗar sunan iyaye ko sana'arsu, kowa yana ɓoye nasa don kada maganar ta kai kunnen masu daji su ƙara wa gida nauyi. Saboda haka bai san sunana ba, bai san unguwarmu ba, abu ɗaya ya sani game da ni, Abba ya ce musu ubansa ne kaɗai a Birnin Gwari bai kalli fim ɗin nan ba. Da wannan ya shigo kasuwa yana tambaya, ana yi masa dariya ana nuna masa hanya, har ya iso wurina.

Ya ce da rana tsaka in masu gadi sun kwanta a inuwa, yunwa ta hana kowa magana, sai Abba ya fara ba su labarin fim ɗin kaɗan-kaɗan, yana kwaikwayon muryoyi, har waƙar yake yi ƙasa-ƙasa. In ya zo daidai inda ya fi daɗi sai ya tsaya ya ce sai gobe, wanda ya mutu yau shi ya yi asara. Ayuba ya ce shi ma bai taɓa kallon fim ɗin ba, ƙauyensu ba wuta, kuma akwai ranakun da ba don yana son jin ci gaban ba da ya saki jiki ya tafi. Da damina ta yi tsakiya gudawa ta shiga cikinsu. Abba yana cikin waɗanda ba su tashi ba. Su suka tona masa da itace da hannu, wani mai ɗan karatu a cikinsu ya yi masa salla, Ayuba ya ce shi ya riƙe ƙafafunsa aka saka shi.

Na ce masa ta yaya zan san ɗana ne, Abba dai suna da yawa. Ya ce yaron ya ce uwarsa tana zama a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa wai ba kallo take yi ba, kuma kullum sai ta ce mai fassara ya ɓata maganar. Jama'a, wannan ko ƙannena ba su sani ba. Na yi innalillahi, basillar tana hannuna na rasa inda zan ajiye ta.

Na soke ta a jikin wani buhu. Sai Ayuba ya ce, "Malam, a inda ya tsaya mana, saurayin ya iso bakin kogi, gada ta karye, uwarsa tana ƙetare tana jiransa. Ya haye kuwa?"

Na ce ban sani ba.

Na ce masa ya tambayi kowa a kasuwar nan zai faɗa masa. Ya ce a'a, ba zai ji a bakin 'yan kasuwa ba, Abba ya ce uwarsa ta fi shi iya bayar da labarin, in har zai ji to a bakinta zai ji, shi kuma ya faɗa mata abin da ya gani da idonsa, ya sauke nauyin da ya ɗauko.

Ban faɗa wa Binta ba. Na je wurin yayanta Haruna, shi ne babba a gidansu. Ya ce shaidar mutum ɗaya ce, babu gawa babu kabari, an sha cewa wane ya mutu ya dawo. Na ba shi labarin gyaɗar, na ga ya yarda, amma sai ya juya ya ce ko da gaskiya ne a bar ta da sa ranta, shi ke riƙe da ita. Na ce wannan ba sa rai ba ne, mace tana shimfiɗa wa mamaci tabarma duk Juma'a ni ina kallo na sani na yi shiru. Ya ce to so nake in kashe masa ƙanwa, na rasa ɗa ina neman in haɗa da uwar. Muka yi ta sa'insa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce tun da na saba ɗinke bakin buhu in ɗinke nawa, in kuma wani abu ya same ta shi da ni har abada. Na je wurin liman, ya ce haƙƙinta ne ta sani amma a nemi lokacin da ya dace. Na ce wane lokaci ne wannan, ya ce Allah zai nuna. Na fito yadda na shiga.

Ni abin da yake ba ni tsoro, na san matata. Ko ta ji ba za ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne, za ta tashi ta kawo wa masu ta'aziyya ruwa, ta haɗiye abin har ya fasa mata zuciya. Kuma in na yi shiru, yaron nan ba a yi masa zaman makoki ba, ba a yi masa sadaka ba, ko addu'ar mamaci ba na iya yi masa da ƙarfi a cikin gidana. In ta ce Allah Ya dawo da shi lafiya, amin nake cewa. Da bakina.

Juma'ar nan ta shimfiɗa tabarmar, ta tambaye ni me ya sa na daina cinye tuwona, na ce zafi ne. Sai ta ce tana tsoron memorin da yake jikin talabijin ya lalace don ya daɗe ba a taɓa shi ba, in je wurin abokin yaron nan a tasha ya tura min sabo a waya mu ajiye, kada ranar ta zo a rasa. Na je. Abokin ya tura min yana tsokanata wai yau Baba zai shiga sahun mutane. Yanzu haka fim ɗin yana cikin wayar da nake rubuta muku wannan. Na gwada buɗewa a bayan buhuna, kiɗan farko ya tashi, irin wanda nake ji daga tsakar gida duk Juma'a, na kashe. Ban sake taɓawa ba.

Ayuba zai tafi ranar kasuwa mai zuwa. Ƙauyensu ya watse, zai koma wurin 'yarsa a jihar Neja, ya ce ba shi da abin da zai dawo da shi ƙasar nan. In ya tafi babu sauran wanda ya ga Abba a kwanakinsa na ƙarshe. Duk ranar da ta ji daga baya za ta tambaya ya sha wahala ko bai sha ba, ya ambace ta ko bai ambace ta ba, a ina aka saka shi, ni kuma ba ni da amsar ko ɗaya. Kuma za ta san na sani ina cewa amin.

Don Allah ku faɗa min gaskiya, ba lallashi nake nema ba, na san babu hanyar da za ta dawo min da shi. In kai Ayuba gidan kafin ya tafi, in zauna kusa da ita ta ji daga bakinsa, abin da Allah Ya rubuta ya faru? Ko in bi maganar yayanta in bar shi ya tafi, in ci gaba da kallon tabarmar nan? Mata masu 'ya'yan fari, musamman ku nake tambaya, da ke ce, wanne za ki so a yi miki? In akwai ma'aikacin lafiya a nan ya faɗa min yadda ake faɗa wa mai hawan jini irin wannan.

Roƙona na ƙarshe, na san da yawanku kun gane fim ɗin. Kada kowa ya rubuta min ko saurayin ya haye ko bai haye ba. In zan ji, a bakin Binta zan ji, in har za ta iya.