Mutum Bakwai a Gidan Mutum Takwas

Unguwar Maitama, ta Dayi.
19 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga 'Yar Tsohuwa, malamar littafi, a Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai gajiyar da ba ta jin magani. Innarki na gaishe ki. Kakarki Tsohuwa ma na gaishe ki, ta ce in tambaya ko har yanzu a tsaye kike cin abinci.

Takardarki ta iso ta hannun Mannir direba, da tabon manja a gefe. Tun da aka kashe layin waya a yankin nan saboda mutanen daji, wayata ta koma tocila, ni kuma na koma ga biro. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ubanki a aji biyar ya yi sallama da makaranta, makarantar kuma ba ta biyo shi tana kuka ba.

Na gane aikin da kike yi, wato tattara kalmar da kowane harshe yake kiran yawan jama'a da ita. Da na karanta wa Innarki, sai ta ce ashe wannan ne aka sayar da bajimi dominsa. Na ce ta yi shiru, tunda Turkawa sun ga aikin har sun kira ki ki ƙarasa shi a ƙasarsu a watan Disamba. Ni da ko Kaduna sai da dalili.

Kalmomin da kika aiko sun ɗebe mani kewa a gona. Kin ce Sinawa suna haɗa mutum da baki su kira abin. Wallahi waɗannan mutane sun taɓa riƙe gida, don ni ma in na dubi rumbu, baki nake gani ba mutane ba. Kin ce Larabawa suna cewa sukkan, wato mazauna. Turkawanki kuma nufus, wato rayuka. Na faɗa wa liman, ya gyara mani furucin har sau uku, na fasa.

Kin roƙe ni abu biyu. Na farko kalmar da Fulatanci. Kin manta mu Fulatancinmu ya tafi tun zamanin kakana, ya bar mana dogon hanci da kunya? Na tambayi Tsohuwa, ita da ke da sauran ɓurɓushinsa. Ta ce mutane ba awaki ba ne da za a ƙirga su, ko saniya ma da fuska ake saninta. Ki rubuta haka in akwai wuri a takardar.

Na biyu kin ce kina son adadin mutanen garinmu ki buɗe aikin da shi. Kin yi sa'a. Za a raba gidan sauro, mai unguwa Rabe ya sa ni rubuta sunayen kowane gida, domin duk wanda ya fi ni rubutu ya bar gari. Kwana huɗu ina yawo. Gida goma sha huɗu na tarar an ɗaure ƙofarsu da igiya, masu su sun koma Funtua da Malumfashi, masararsu na tsaye a gona ba mai karya ta. Na gaji da sallama a inda ba a amsawa. Waɗanda suka rage mu ɗari uku da goma sha biyu ne. Ga kwafin takardar na haɗo miki, gida-gida, ki nuna wa Turkawa rubutun ubanki su ji tsoro.

Ki gaishe da abokan karatu. Muna sa ran ganinki kafin tafiya. Allah ya yi albarka.

Ubanki,
Ummaru.


10 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga 'Yar Tsohuwa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu nan da sauƙi, bayana ne kawai ya shiga yajin aiki tun da muka fara karyar masara. Innarki na gaishe ki, ko da yake kwana uku ke nan ba ta iya cinye tuwonta.

Na samu amsarki. Layi huɗu ce, amma ta fi buhu nauyi. Kin ce kin duba gidan Ummaru a takarda kin ga mutum bakwai, ba ki ga kanki ba. Kin ce shekararki ashirin da bakwai ba ki taɓa jin sunanki a bakina ba, yanzu kin ga ko birona ma bai san shi ba. Kin ce tunda ba kya cikin mutanen gidan, daga Zariya za ki wuce filin jirgi.

Da farko na so in yi miki dabara. Na ce zan ce irin ta Larabawa na yi, mazauna kawai na rubuta, ke kuwa ba kya zaune. Sai Innarki ta sa ƙanwarki Sa'adiya ta karanta mata takardar, ga sunan ƙanenki Kabiru ɓaro-ɓaro, shi da ke Legas shekara uku yana tuƙa babur. Dabara ta mutu a tsakar gida.

Gaskiyar ita ce ban ma san na tsallake ki ba. Ke ce 'yar fari. A gidanmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, shi ya sa aka miƙa ki ɗakin Tsohuwa tun da aka yaye ki. Hannuna ya bi bakina ne kawai, kamar jakin da ya san hanyar gida.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, ki saurari abin da ya faru. Ranar Laraba masu gidan sauro suka zo, suka zauna gindin tsamiyar masallaci suna kiran suna daga takardata. Wanda aka kira ya karɓa. Da aka gama, sai ga mutum arba'in da ɗaya a tsaye, hannu wayam. Muka dube su, muka dubi juna. Duk 'ya'yan fari ne. Kowane uba, kowace uwa, sun lissafa mani 'ya'yansu sun tsallake na farko, ni kuma ina ta rubutu ina gyaɗa kai. Har da mai unguwa Rabe a cikinsu, da furfurarsa da rawaninsa. Ranar da na je gidansa yana Malumfashi, mahaifiyarsa ce ta ba ni sunaye, ta ambaci har jaririn da aka haifa da sallah, ta bar mai gidan. Ya ce da ni a gaban jama'a, Ummaru, ni na ba ka aikin nan, ni kuma ka kashe. Na ce ranka ya daɗe, sauro dai bai manta da kai ba.

An yi dariya har da masu rabon. Ni ma na yi. Amma da na dawo gida na tarar da takardarki, dariyar ta ƙare.

Ba na ce ki daina fushi ba. Na ce dai ki zo ki yi shi a nan, akwai wuri. Hanyar Dayi da rana tana biyuwa.

Ubanki da ya kasa lissafi,
Ummaru.


14 ga Nuwamba, 2021.

Zuwa gare ki.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mannir ya je Zariya sau huɗu, sau huɗu ina tare shi a bakin titi, sau huɗu yana buɗe mani tafin hannu, ba takarda daga gare ki. Yanzu in ya hango ni har rage gudu yake don kunya. Mun gama da masara, mun shiga waken suya. Gida biyu sun ƙara tashi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ni ma ɗan fari ne. Shekarata hamsin da takwas, Tsohuwa ba ta taɓa cewa Ummaru ba. Wannan take ce mani. Ku kira Wannan, ku kai wa Wannan fura. Ina yaro har na ɗauka shi ne sunan yankana.

Shekaranjiya da hantsi na same ta tana ɓarar gyaɗa, na zauna na gaya mata abin da ke tsakanina da ke. Na tambaye ta ita me ya hana ta. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce wa ya gaya mani ba ta faɗa? Ta ce sau biyar take faɗa kullum, goshinta a ƙasa, ga wanda ya kamata ya ji. Ta ce na farko shi ne wanda uwa ta fi tsoro a kansa, ba a yawo da shi a baki. Sannan ta ce in tashi na tare mata rana.

Ni na san wannan tun ina ƙarami, ba tare da an gaya mani ba. Na ɗauka ke ma kin sani. Na manta ni da kaina na ɗauke ki a keke na kai ki wurin da ake koyar da cewa abin da ba a rubuta ba, babu shi. Na kai ki, na biya, na yi alfahari, sannan na zauna ina jiran ki karanta abin da ban rubuta ba. Wannan wautar tawa ce, ba ta makaranta ba.

Rabe ya sa an sake ƙirga. Wannan karon kowa ya aiko maƙwabcinsa ya faɗi sunan ɗan farinsa, aka yi ta musayar 'ya'ya kamar ranar kasuwar Danja. Da aka zo gidana na miƙa wa Rabe biron. Ya mayar da hannunsa cikin riga, ya ce ai ni ne malamin rubutu, shi kuma mamaci ne a takardata, mamaci ba ya rubutu.

Na ɗauki takardar na tafi gindin ɗorawar gonata. Daga azahar har la'asar ina zaune. Na noma kadada da hannu, ban taɓa zufa irin ta ranar ba. Harafi bakwai ne kacal, na ƙirga su. Na rubuta. Sama ba ta faɗo ba, akuya ce kawai ta tsaya tana kallona.

Tunda hannu ya koya, bari ya maimaita.

Raudatu.

Raudatu, 'yata ta fari, gidan Ummaru mutum takwas ne. Ki gyara a aikinki, garin kuma ɗari uku da arba'in da ɗaya ne bayan an cire waɗanda suka tashi. Ki zo kafin ki hau jirgin nan. Tsohuwa ba za ta ce ba, amma ta ware miki gyaɗa a ƙwarya ta hana kowa taɓawa, kuma ƙafafunta sun fara kumburi.

Ubanki,
Ummaru.


9 ga Janairu, 2022.

Zuwa ga Raudatu, a ƙasar Turkawa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka lafiya, kuma sanyin da ake faɗi bai cinye ki ba. An dawo da layin waya, amma na saba da biro. Sa'adiya za ta ɗauki hoton wannan ta tura miki. Innarki na gaishe ki, ta ce a nemi yaji a ƙasan jakar hagu.

Na gode da kika zo. Kwana biyu kika yi, kwana biyun ina ce miki ke. Na ga kina jira. Duk sanda na buɗe baki sai harshe ya noƙe, in ɓuge da tambayar ko kin sha fura. Kin sha fura sau tara, na ƙirga. Rubutu daban, faɗi daban, wannan ma ki sa a aikinki.

Abin da ya faru a tashar Funtua ban shirya shi ba. Kin shiga mota, ta fara tafiya, na ga bayan ɗankwalinki ta gilashi, na tuna ƙofofin nan masu igiya. Sai kawai na ji wani tsoho yana kwarara ihu da sunanki, ashe ni ne. Mai rake ya waiwayo, 'yan kamasho suka ɗauka an yi mani sata. Innarki ta ja mayafi ta rufe fuska, har Dayi ba ta yi mani magana ba. Na ga hannu ya fito ta taga yana ɗagawa, amma motar cike take, ban rantse naki ne ba.

Labari ya riga mu isa gida. Na tarar da Tsohuwa a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu. Ta ce an ce na yi abin kunya a tasha. Na ce haka ne. Ta ce da ƙarfi? Na ce har mai rake ya ji. Ta ce to, ai mai sunan ma ta ji ke nan. Sannan ta ɗaga murya ta ce a kawo wa Wannan ruwa, ya sha hanya.

In Turkawa sun tambaye ki rayuka nawa ne a gidanku, kin san amsa. Ki riƙe salla, ki zauna in za ki ci abinci. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya sa ki tarar da mu ba mu ragu ba.

Ubanki,
Ummaru, wanda a gida har yanzu Wannan ne.